Laifin Gado da Adalcin Aro

A cikin aƙidojin da malaman Kirista suka daɗe suna ja-in-ja a kansu, kaɗan ne suka ci takarda da tawada kamar aƙidar lasaftawa. Lasaftawa dai ita ce a rubuta wa mutum abin da ba shi ya aikata ba, shari'a kuma ta ɗauke shi tamkar nasa. Aƙidar tana da fuska biyu. Ta farko tana cewa an lasafta laifin Adamu a kan dukan zuriyarsa, har da jaririn da bai buɗe ido ba. Ta biyu tana cewa ana lasafta adalcin Yesu Almasihu ga mai ba da gaskiya gare shi, ko da halinsa bai gama gyaruwa ba. Wanda ya karanta littattafan Furotesta zai tarar da su a jere kamar tagwaye, har ya zaci rana ɗaya aka haife su. Tarihi kuwa ya nuna akwai shekara fiye da dubu a tsakaninsu. Ta farko ta yi ƙarfi a Afirka ta Arewa a ƙarni na 5, ta biyu ta bayyana a Jamus a ƙarni na 16, kuma kowace daga cikinsu ta jingina da yadda aka juya wata ƴar kalma daga Girkanci zuwa Latinanci.

Abin da ke cikin gardamar ba ƙarami ba ne ga mabiya addinin. Akwai uwar da jaririnta ya rasu kafin a yi masa baftisma, tana son sanin makomarsa. Akwai mutumin da zuciyarsa ta ƙi daina tuhumarsa, yana son sanin ko Allah ya karɓe shi. Bayan su kuma akwai tambayar da ta shafi kowane alƙali: shin laifi ko kirki abu ne da za a iya ɗaukewa daga kan wani a ɗora wa wani?

Kalmar ƴan kasuwa

Tushen maganar yana cikin wasiƙar da Bulus Manzo ya rubuta wa Kiristocin birnin Roma wajen shekara ta 57, yana zaune a Korinti ta ƙasar Girka. A babi na 4 ya ɗauko labarin Ibrahim daga Littafin Farawa, inda aka nuna Allah ya karɓi gaskatawarsa a matsayin adalci. Kalmar da Bulus ya yi aiki da ita, logizomai, ta masu lissafi ce, irin wadda ɗan kasuwa yake nufi in ya buɗe littafin bashi ya rubuta kuɗi a gaban sunan wani. Sau 11 ta fito a wannan babi kaɗai. Hujjar Bulus ita ce ladan ma'aikaci haƙƙinsa ne, amma abin da aka rubuta wa Ibrahim kyauta ne, tunda an rubuta shi tun kafin kaciyarsa. A babi na 5 sai ya jera mutum biyu: Adamu, wanda ta wurin rashin biyayyarsa zunubi da mutuwa suka shigo duniya, da Almasihu, wanda ta wurin biyayyarsa rai ya samu. A wata gajeriyar wasiƙa kuma, wadda ya aika wa Filimon game da bawansa Onisimus, ya yi amfani da ƴar'uwar wannan kalma, ya nemi duk bashin da ake bin bawan a rubuta shi a kansa. Masu wa'azi na baya sun mai da wannan misalin aƙidar baki ɗaya.

Sai dai Bulus bai bayyana ta yaya laifin mutum ɗaya yake kai wa ga sauran ba. Malaman Gabas, waɗanda Girkanci ne harshensu, sun fahimci cewa abin da aka gada daga Adamu shi ne mutuwa da raunin hali. Yohanna Kirisostom, wanda ya rasu a shekara ta 407, ya koyar cewa ana yi wa jarirai baftisma duk da ba su da zunubi. Har yau cocin Otodoks na Gabas suna kan wannan fahimta: ɗan Adam ya gaji ciwon kakansa, bai gaji tuhumarsa ba.

Gardamar Kartaj

A Afirka ta Arewa, inda ake ibada da Latinanci, maganar ta bi wata hanya. A tsakiyar ƙarni na 3 wani bishop mai suna Fidus ya nemi a riƙa jinkirta baftismar jariri zuwa rana ta takwas, kamar yadda Yahudawa ke yi da kaciya. Taron bishop 66 ƙarƙashin Sipiriyan na Kartaj ya ƙi. Dalilinsu shi ne, ko da yake jaririn bai yi laifin kansa ba, ya ɗauko cutar mutuwa daga Adamu, kuma abin da ake gafarta masa a baftisma na wani ne. Al'ada ke nan ta riga bayani: ana wanke jarirai, sai daga baya aka tsaya neman sanin mene ne ake wankewa.

Wanda ya ba da bayanin shi ne Ogustin. An haife shi a shekara ta 354 a Tagast, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Ya koyar da balaga a Kartaj da Roma da Milan, aka yi masa baftisma a 387, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Wajen shekara ta 396, cikin amsar da ya rubuta wa Simplisiyanus na Milan, ya fara amfani da lafazin peccatum originale, zunubin asali. Abokin hamayyarsa kuwa wani mai zuhudu ne daga Birtaniya, Pelajiyus, wanda ya daɗe yana wa'azi a gidajen manyan Roma. Abin da ya dami Pelajiyus shi ne sakacin Kiristocin birnin, waɗanda in an tsawata musu sai su ce ɗan Adam ajizi ne. Ya ce Allah mai adalci ba ya umartar abin da ba a iyawa, don haka kowa yana da ikon barin saɓo. A ganinsa Adamu ya cuci zuriyarsa ne ta hanyar mugun misali da suka kwaikwaya.

Da Alarik sarkin Gotawa ya ci Roma a shekara ta 410, ƴan gudun hijira suka tsallaka teku zuwa Afirka, cikinsu har da Pelajiyus da almajirinsa Selestiyus. A 411 aka gurfanar da Selestiyus a Kartaj bisa tuhumar yana koyar da cewa Adamu zai mutu ko da bai yi zunubi ba, kuma jariri sabon haihuwa yana cikin halin da Adamu yake kafin ya saɓa. Aka hukunta shi. Pelajiyus ya wuce Falasɗinu, inda taron bishop 14 a Diyospolis ya wanke shi a 415. Paparoma Inosan na ɗaya ya goyi bayan ƴan Afirka a farkon 417, amma magajinsa Zosimus ya karkata ga waɗanda ake tuhuma. Ƴan Afirka ba su saduda ba. A ranar 30 ga Afrilu 418 Sarki Honoriyus ya ba da umarnin korar Pelajiyus da mutanensa daga Roma, kashegari kuma bishop fiye da 200 suka taru a Kartaj suka la'anci koyarwarsa. Zosimus ya bi sahu. Majalisar Afisa ta tabbatar da hukuncin a 431, ta Oranj a ƙasar Faransa ta yau kuma ta ƙara fayyace shi a 529.

A cikin wannan gwagwarmaya Ogustin ya dogara ƙwarai a kan aya ta 12 ta babi na 5 na wasiƙar Romawa. A Girkanci akwai ƴan kalmomi biyu, eph' ho, waɗanda yawancin masana ke fassarawa da "domin" ko "da yake". Fassarar Latinanci da ke hannunsa ta ce in quo, wato "a cikinsa". Da wannan karatu sai ayar ta zama tana nufin dukan mutane sun yi zunubi a cikin Adamu, kamar yadda itace duka yake cikin ƙwayar iri. Ogustin da kansa ya faɗa cewa bai so darasin Girkanci ba yana yaro. Amma ba fassarar kaɗai ta kai shi can ba. Yana duban wahalar da jarirai ke sha, da ciwo da mutuwa, sai ya ce in ba su da laifin kome, to Allah mai adalci ba zai bar su cikin wannan hali ba.

Nan ne Yuliyan, bishop na Eklanum a kudancin Italiya, ya tare shi. Yuliyan yana cikin bishop kusan 18 da suka ƙi sa hannu a hukuncin 418, suka rasa kujerunsu. Ya ce laifi ba ya samuwa sai da nufi, jariri kuwa ba shi da nufi. Alƙalin da ya hukunta yaro don laifin wani azzalumi ne, yaya za a jingina wa Allah abin da ake ƙyamarsa ga alƙalin ƙauye? Ya kafa hujja da Kirisostom, ya kuma zargi Ogustin da cewa bai rabu da addinin Mani ba, wanda ya bi shekara tara yana saurayi. Ogustin bai ja da baya ba. Ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai shiga mulkin Allah ba, sai dai hukuncinsa shi ne mafi sauƙi duka. Ya rasu ran 28 ga Agusta 430, Bandalawa sun kewaye Hippo, littafinsa na ƙarshe na mayar wa Yuliyan martani bai kammalu ba.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Ogustin, uban aƙidar laifin gado, bai koyar da adalcin aro ba. A wurinsa kalmar iustificare tana nufin a mai da mutum adali, wato Allah ya zuba alherinsa cikin zuciya ya warkar da ita sannu a hankali, kamar yadda likita ke yi da majinyaci. A kan wannan fahimta cocin Yamma ya zauna shekara dubu. Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana alheri a matsayin wata sifa da ake sa wa rai. Malaman wannan zamani kuma sun sassauta hukuncin jarirai: suka ce akwai wani wuri da suka kira limbo, inda ba azaba, sai dai ba ganin Allah.

Luter da rigar wani

Matsalar wannan fahimta ta bayyana ga mutum mai tsananin binciken zuciyarsa. In karɓuwa a wurin Allah ta dogara ga yadda zuciya ta warke, wa zai tabbatar ta warke isasshe? Martin Luter, wanda aka haifa a 1483, ya shiga gidan masu zuhudu na ɗariƙar Ogustin a Erfurt a 1505. Ya yi azumi da tsayuwar dare, yana zuwa furta zunubansa har ya gajiyar da mai sauraronsa, amma hankalinsa bai kwanta ba. Daga baya ya ba da labari cewa ya tsani lafazin adalcin Allah, domin ya ɗauka ma'aunin hukunci ne. Sa'ad da yake karantar da wasiƙar Romawa a jami'ar Witanbag a 1515 da 1516, sai ya fara ganin wata ma'ana: adalcin da Allah yake bayarwa kyauta. Rikicin takardun gafara na 1517 ya fito da shi fili, amma zuciyar koyarwarsa tana nan. Ya kira wannan adalci iustitia aliena, adalcin wani, wanda yake waje da mutum. A ɗan littafinsa na 1520 game da ƴancin Kirista ya kawo misalin aure: abin da ango ya mallaka ya zama na amarya, bashin amarya kuma ya koma kan ango. Daga nan ya fitar da maganarsa da ta shahara, cewa mai ba da gaskiya adali ne kuma mai zunubi ne a lokaci ɗaya: mai zunubi in an dube shi, adali in an dubi Almasihu.

Wanda ya ba aƙidar siffarta ta shari'a shi ne Filip Melanchthon, wanda ya zo Witanbag a 1518 yana da shekara 21 don koyar da Girkanci. Shekara biyu kafin nan Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Girkanci tare da sabuwar fassarar Latinanci. A babi na 4 na Romawa, inda tsohuwar fassara ta ce reputatum, shi ya sa imputatum, kalmar da ta fi kusa da harshen lauyoyi da masu lissafi. Melanchthon ya gina a kan wannan. A Shahadar Ogsbur ta 1530 da kuma sharhinsa na Romawa na 1532 ya bayyana baratarwa a matsayin hukuncin kotu: alƙali ya furta cewa wanda ake tuhuma ya kuɓuta, saboda wani ya tsaya masa. Gyaran hali yana biyo baya, amma ba shi ne dalilin hukuncin ba. Jan Kalbin, ɗan garin Noyon a Faransa, wanda littafinsa na koyarwar addini ya fito da Latinanci a 1536, da Faransanci a 1541, ya ce baratarwa da tsarkakewa kamar hasken rana ne da zafinta: ba a raba su, ba a kuma kiran ɗaya da sunan ɗaya.

Daga Ratisbon zuwa Trento

Saura ƙiris a sasanta. A 1541 Sarki Sharl na biyar, wanda ke buƙatar haɗin kan Jamus don fuskantar Turkawa, ya tara malaman ɓangarorin biyu a Ratisbon. Melanchthon da Martin Bucer suna cikin wakilan Furotesta, Johann Eck da Johann Gropper suna cikin na Katolika, Kadinal Gasparo Contarini kuma yana wakiltar Paparoma. A farkon watan Mayu suka amince da wani sashe da ke cewa adalci iri biyu ne, wanda ake zubawa cikin mutum da wanda ake lasafta masa, kuma a kan na biyun ne zuciya za ta dogara. Kalbin, wanda ya halarci taron, ya yi mamakin yawan abin da Katolika suka yarda da shi. Amma Luter ya ɗauki sashen a matsayin faci, Roma ma ba ta karɓa ba, taron kuma ya watse a kan batun jibin Ubangiji da ikon coci.

Majalisar Trento, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ita ta ja layin da ya raba. Ran 17 ga Yuni 1546 ta tabbatar cewa zunubin Adamu yana bin haihuwa, ba kwaikwayo ba. A nan Katolika da Furotesta duk ƴaƴan Ogustin ne. Amma ta ƙara da cewa baftisma tana kawar da duk abin da yake zunubi na hakika, sha'awar da ta rage kuma ba zunubi ba ce sai an bi ta. Furotesta suka ce zunubi ne, sai dai Allah ba ya lasafta shi. Batun baratarwa ya ci wa majalisar wata bakwai. Girolamo Seripando, shugaban ɗariƙar da Luter ya fito daga cikinta, ya roƙi a karɓi adalci iri biyu, yana tunatar da su halin mutum a gaban kursiyin shari'a, amma rinjaye ya ƙi. Ran 13 ga Janairu 1547 aka fitar da hukunci mai babi 16 da tsinuwa 33. Ta 11 ta faɗa a kan duk wanda ya ce ana baratar da mutum ta lasafta adalcin Almasihu kawai, ba tare da alheri da ƙaunar da Ruhu Mai Tsarki ke zubawa a zuciya ba.

Sukar da Katolika suka yi ta tsaya a kan abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa zanen aro ba ya rufe katara. In Allah ya kira mutum adali alhali ba adali ba ne, ai ya zama wasa da shari'a, maganar Allah kuwa in ta fito sai abin ya kasance. Furotesta suka amsa cewa majinyacin da aka ce masa sai ya warke za a karɓe shi, ba zai taɓa barci ba. Ɓangare ɗaya yana tsoron kada alheri ya zama hujjar sakaci, ɗayan yana tsoron kada aikin mutum ya zama kuɗin sayen rahama.

Somur da masu suka

Bayan da aƙidar adalcin aro ta kafu, sai ta koma ta sake fasalin ƴar'uwarta. Malaman ɓangaren Kalbin suka ce yadda adalcin Almasihu ke zuwa, haka laifin Adamu ya zo, wato ta wakilci. Allah ya ƙulla alkawari da Adamu a madadin zuriyarsa, kamar yadda sarki ke sa hannu a yarjejeniya ta hau kan talakawansa. Wannan ya bambanta da misalin iri na Ogustin, kuma shi ne ya shiga Shahadar Westminsta ta 1646 a Ingila. A nan ne tagwayen suka haɗu, har malaman baya irin su Charles Hodge na Princeton a Amurka suka riƙa lissafa lasaftawa uku: laifin Adamu a kan mutane, laifin mutane a kan Almasihu, adalcin Almasihu a kan masu ba da gaskiya.

Ba duka Furotesta suka gamsu ba. A makarantarsu ta Somur, a bakin kogin Luwar, Josué de la Place ya koyar cewa abin da ake gada shi ne lalacewar hali, kuma saboda wannan lalacewa da ke cikin mutum ne ake ɗaukarsa mai laifi. Yana son ya kare adalcin Allah, kada a ce an hukunta wani a kan abin da ba ya cikinsa. Babban taron cocin Furotesta na Faransa da ya zauna a Sharanton a 1644 zuwa 1645 ya ƙi wannan ra'ayi. De la Place ya mayar da martani a littafin da ya fito a 1655, shekarar rasuwarsa, inda ya bambanta lasaftawa ta kai tsaye da wadda ke bi ta hanyar gadon hali. Malaman Suwis suka sake ƙin ra'ayinsa a 1675. Dalilinsu a fili yake: in laifin Adamu ba ya hawa kan mutum sai ta abin da ke cikinsa, to za a ce adalcin Almasihu ma haka, sai a koma Trento. Shekara goma bayan haka, a 1685, Sarki Luwi na 14 ya rufe makarantar Somur ya kuma soke dokar Nant da ta ba Furotesta ƴancin ibada.

Suka mafi kaifi ta fito daga waje. Fausto Sozzini, ɗan Italiya da ya zauna a Polan, ya ce a littafinsa da aka buga a 1594 bashin kuɗi wani yana iya biya wa wani, amma hukuncin laifi ba ya canja wuya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Paskal ya yarda cewa babu abin da ya fi wannan aƙida cin karo da hankali, amma ya ce in ba ita, ba a gane halin ɗan Adam, mai girma da ƙasƙanci a lokaci guda. Ruso ya ƙi ta gaba ɗaya. A 1762 aka ƙone littafinsa na tarbiyya, Emil, a Paris, babban bishop Christophe de Beaumont ya la'ance shi musamman don ya ce an haifi yaro da kirki, shi kuma ya amsa da doguwar wasiƙa a 1763. Kant ya maimaita hujjar Sozzini a 1793, ya ce bashin zunubi shi ne bashin da ya fi kowane manne wa mai shi. Abin lura shi ne hujjar tana sara biyu. Duk wanda ya ce ba a ɗora wa jariri laifin wani, da wuya ya kauce wa cewa ba a ba mai laifi kirkin wani.

Mai karatu Musulmi zai ga inda hanyoyin suka rabu. A Musulunci Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, yaro ana haifarsa a kan fiɗira, kuma kowa da nasa littafin aiki. Fiƙihu ya san lamuni, ya san biya wa mamaci bashi, ya san dangi su haɗa diyyar kisan kuskure, amma duk waɗannan nauyin dukiya ne, zunubin kansa ba ya ƙaura. Wannan bambanci yana daga cikin manyan dalilan da suka sa addinan biyu suka saɓa game da ma'anar gicciye, domin inda ba bashin gado, ba a neman wanda zai biya shi.

Abin da aka daidaita da abin da ya rage

Ɓangarorin biyu na gardamar sun iso ƙasar Nijar a ƙarni na 20. Mishan ɗin SIM na Furotesta ya sauka Damagaram a 1924, limaman Katolika kuma suka zauna Yamai a farkon shekarun 1930. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara sun fuskanci irin aikin da Erasmus ya fuskanta, na nemo wa kalmar Bulus gida a wani harshe.

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Ogsbur inda aka karanta shahadar 1530, Cocin Katolika da Tarayyar Luteran ta Duniya suka sa hannu a sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa. Cikin masu sa hannun akwai Kadinal Edward Cassidy da Ishmael Noko, ɗan Zimbabuwe, babban sakataren Tarayyar a lokacin. Sanarwar ta ce ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah yake karɓar mutum, kuma shi ne yake sabunta zuciya ya kira ta ga kyawawan ayyuka. Ta ce tsinuwar ƙarni na 16 ba ta hau koyarwar kowane ɓangare ba kamar yadda aka bayyana ta a takardar. Metodis suka shiga a 2006, cocin ɓangaren Kalbin a 2017. Wasu Luteran, irin su na Misuri a Amurka, sun ƙi, suna ganin an lulluɓe saɓanin ne da lafazi mai ɗaukar ma'ana biyu. A cikin Furotesta ma an sake buɗe maganar tun daga littafin E. P. Sanders na 1977 game da Bulus da addinin Yahudawa. N. T. Wright na Ingila ya ce alƙali yana ba wanda ya wanke matsayi a gaban shari'a, amma ba ya miƙa masa halinsa, John Piper na Amurka kuma ya rubuta littafi a 2007 don kare tsohuwar fahimta.

Game da jarirai kuwa, a watan Afrilu 2007 hukumar malaman tauhidi ta Batikan ta fitar da takarda da izinin Paparoma Benedik na 16. Ta ce limbo ra'ayin malamai ne, bai taɓa zama aƙidar da aka wajabta ba, kuma akwai dalilai masu ƙarfi na sa rai cewa jaririn da ya mutu ba baftisma zai sami ceto. Takardar ba ta soke zunubin asali ba, ba ta kuma ce ta tabbatar ba, sa rai kawai ta ce. Yuliyan na Eklanum ya rasa kujerarsa ya mutu a gudun hijira saboda tambayar da ya yi a kan waɗannan jarirai, kuma bayan shekara kusan 1600 cocin da ya kore shi ya ba iyayensu amsar da ta fi ta Ogustin sauƙi.